Wa zai ɗauki nauyin fina-finan tarihi da rayuwar Katsinawa?

Birnin Katsina na cikin garuruwan ƙasar Hausa da suka fi tara tarihi, amma kaɗan ne daga cikin wannan tarihi 'ya'yan garin suka samu zarafin ɗauka da kyamara su adana da kansu. Tushen matsalar dai yana komawa ne ga batun kuɗi da kuma hannun da kuɗin ke fitowa daga gare shi.

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah a 'yan shekarun nan zai ga ɗaruruwan wayoyin salula a sama, kowa na ɗaukar dawaki da 'yan bindiga da lemar sarki. Kafin magariba hotunan sun cika Facebook da TikTok, kuma kafin mako ya zagayo an mance da su. Dattijon da ya san dalilin da ya sa wannan hakimi ke gaba wancan yana biye da shi, ko makaɗin da ya gaji taken sarakuna daga kakanninsa, da wuya a samu wanda zai zauna da su kwana uku yana naɗar abin da suka sani.

Irin wannan zama shi ne aikin mai shirya fim ɗin dokumantari, wato fim ɗin da ba wasan kwaikwayo ba ne, wanda ake bin mutane na zahiri da al'amura na zahiri, a tattaro bayani, a tsara shi yadda mai kallo zai fahimta. Katsina ba ta rasa abin da za a yi wa irin wannan aiki ba. Akwai hasumiyar Gobarau da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da ragowar ganuwa da gine-gine ke ci kullum, da kushewun Durɓi ta Kusheyi a yankin Mani, da labarin waliyyai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Akwai kuma tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda daga baya aka mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Daga majigi aka faro

Ba yau ne mutanen Arewacin Najeriya suka fara kallon fim ɗin zahiri ba. Hasali ma da shi yawancinsu suka fara sanin hoto mai motsi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara amfani da fim a Legas domin yaƙi da annoba, kuma shi aka ɗora a kan sashen fina-finan ƙasashen mulkin mallaka da Birtaniya ta kafa a 1939. Daga nan ne motocin majigi suka bazu cikin ƙasa. Mota za ta iso gari da la'asar, a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, bayan sallar isha'i jama'a su taru, wani ma'aikaci na bayani da Hausa ta lasifika.

Abin da ake nunawa bai wuce tsabta da rigakafi da sabbin dabarun noma da rangadin manya ba. Dattawa da dama har yanzu suna tunawa da Baban Larai, fim ɗin da aka yi a shekarun 1950 domin kwaɗaita wa manoma noman auduga, amfanin gonar da kudancin lardin Katsina, wajajen Funtuwa da Daudawa, ya yi fice a kansa. Fina-finan sun yi amfani, babu ko shakka. Sai dai gwamnati ce ke biya, ita ce ke zaɓen darasi, talaka kuwa matsayinsa na ɗalibi ne. Sellers ma ya shimfiɗa wasu ƙa'idoji da ke cewa a riƙa tafiyar da hoto sannu a hankali, a guji dabarun kyamara, bisa zaton cewa mutanen Afirka ba za su gane ba. A 1950 wani fim da Turawa suka ɗauka a gabashin Najeriya, Daybreak in Udi, ya ci lambar Oscar ta dokumantari, kuma lambar London ta tafi.

A cikin wannan tsari ne aka samu 'yan Arewa na farko da suka ƙware a sana'ar. Fitacce a cikinsu shi ne marigayi Adamu Halilu, wanda ya yi aiki a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa, ya shirya fina-finan faɗakarwa masu yawa, kafin ya fitar da Shehu Umar a 1976 daga littafin Tafawa Ɓalewa. Bayan kafa Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 1979, wadda ke da mazauni a Jos, da kuma yaɗuwar gidajen talabijin na gwamnati, sai aikin ya koma hannun waɗannan gidaje. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a watan Satumban 1987 ita ma ta samu gidajen rediyo da talabijin nata da hukumar tarihi da raya al'adu. Duk da haka ma'anar dokumantari a kunnen jama'a ta ci gaba da zama kusan abu guda, wato shirin da ake nuna hanyoyi da rijiyoyin burtsatse da asibitocin da gwamnati mai ci ta gina.

Abin da kasuwa ba ta saye

Lokacin da fina-finan bidiyo na Hausa suka kunno kai a Kano da Turmin Danya a 1990, sun taso ne da kuɗin 'yan kasuwa, ba tare da tallafin kowa ba. Wannan abin alfahari ne ga masana'antar da aka laƙaba wa suna Kannywood, amma yana da nasa sharaɗin. Dillalin kaset a Ƙofar Wambai yana zuba jari ne a kan abin da zai dawo masa da kuɗinsa cikin makonni, kuma soyayya da waƙa da fuskar jarumi su ne ke yin haka. Fim a kan maƙeran gari ko majema bai taɓa samun gurbi a wannan lissafi ba.

Da kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Lissafin bai sauya sosai ba. YouTube na biya ne gwargwadon yawan masu kallo da darajar tallar da ake sakawa, kuma talla ga mai kallo a Najeriya ba ta da tsada kamar ta Turai ko Amurka. Saboda haka sai shiri ya tara masu kallo masu ɗimbin yawa, mako bayan mako, kafin ya biya kansa, abin da ya sa fina-finai masu dogon zango suka mamaye fagen.

Shi kuwa dokumantari lokaci yake ci. Wasan kwaikwayo ana iya ɗaukarsa cikin kwana goma domin an riga an rubuta abin da kowa zai faɗa. Wanda ke bin rayuwar manomi daga shuka zuwa girbi dole ya jira damina ta yi halinta. Wanda ke neman tsohuwa ta buɗe masa cikinta sai ya yi ta zirga-zirga yana gaisuwa kafin ya fito da kyamara, wani lokaci ma sai an nemo mace ta riƙe kyamarar domin namiji ba zai shiga gidan ba. Bayan ɗauka akwai kwafe maganganu a takarda, da tace hoto da sauti, da fassara zuwa wani harshe idan ana son fim ɗin ya fita waje. Idan kuma ana bukatar tsohon hoto, alal misali na tafiye-tafiyen Sarki Muhammadu Dikko zuwa Ingila, waɗanda ya fara a 1921, to akasarin irin waɗannan kayayyaki na zamanin Turawa suna ajiye ne a Birtaniya, kuma masu su da kuɗin waje suke sayar da izinin amfani da su.

Matashin da ya koyi aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko ya koya a hannun wani mai ɗakin tace bidiyo a cikin gari, ya san inda abincinsa yake. Yana cikin ɗaukar bikin aure da walimar sauka da naɗin sarauta da taron siyasa. Waɗannan suna biya a ranar, ko aƙalla suna alkawarin biya.

Akwai wani abu kuma da ya shafi al'ada. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ubangida mai ɗaukar nauyin mai fasaha, kuma manyan makaɗa irin su Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, sun samu dawaki da motoci da kujerun Makka daga hannun sarakuna da attajirai. To amma makaɗi yabo yake saka wa ubangidansa da shi. Mai dokumantari tambayoyi yake zuwa da su, kuma ba kowane mai hali ne zai biya a zo a tono asalin wata sarauta ko rikicin wata gona ba.

Bashi ne ko gudummawa?

Gwamnatocin tarayya sun sha sanar da tallafi ga masu shirya fina-finai. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar asusun dala miliyan 200 domin harkokin nishaɗi, wanda aka bi da shi ta Bankin Masana'antu da bankin NEXIM. A 2013 aka sake ware naira miliyan dubu 3 a ƙarƙashin shirin Project ACT Nollywood, domin horaswa da shirya fim da rarraba shi. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da nasa shirin rancen ga masu sana'o'in fasaha, da kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba.

In aka cire shirin 2013, wanda kyauta ne, sauran duk bashi ne. A nan ne gizo ke saƙa. Banki na neman shaidar rajistar kamfani da jingina da bayanin yadda fim zai dawo da kuɗi, abubuwan da kamfanonin Legas masu hulɗa da gidajen sinima suka fi iya kawowa. Ga Musulmin Arewa akwai ƙarin damuwa ta kuɗin ruwa. Babban Bankin ya fitar da ƙa'idojin rance marar ruwa ga wasu shirye-shiryensa a 2020, har da na masu fasaha, amma a ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a irin waɗannan shirye-shirye. Ko da ma an kawar da batun ruwa, bashi bashi ne, kuma fim ɗin da ba a yi shi domin riba ba babu inda zai samo abin biya.

Wani yunƙurin da ya shafi Arewa kai tsaye shi ne na ƙauyen fim da aka shirya ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016 a kan naira miliyan dubu 3, wanda gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta janye bayan da malamai da dama suka nuna adawa. Wannan lamari ya nuna yadda kalmar fim ita kanta ke ɗauke da zargi a wurin jama'a da yawa, zargin da mai dokumantari ke gada ko da kuwa tarihin malaman Gobarau yake son ɗauka.

A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikata ta musamman domin al'adu da sana'o'in fasaha, ya naɗa Hannatu Musa Musawa, 'yar jihar Katsina, ta jagorance ta. A watan Janairun 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta ƙasa, kuma a cikin wannan shekarar majalisar zartaswa ta amince da kafa wani asusu na bunƙasa sana'o'in fasaha. Masu shirya fim na Arewa sun yi maraba da naɗe-naɗen. Abin lura shi ne harshen da ake bayyana waɗannan shirye-shirye da shi, harshe ne na jari da samar da ayyukan yi da kuɗin shiga. Fim kamar Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Najeriya ta tura shi gasar Oscar a 2024, yana iya shiga wannan ma'auni. Hira da tsohon masaƙi ba za ta shiga ba.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2021 ya gano cewa ƙasashe 19 ne kacal daga cikin 54 na Afirka ke ba masu shirya fim wani tallafin kuɗi.

Tsallaken iyaka

Abin mamaki shi ne, idan aka bar Katsina aka bi ta Jibiya aka shiga Jamhuriyar Nijar, za a tarar da Hausawan da suka kai dokumantari manyan bukukuwan fina-finai na duniya. Sani Elhadj Magori, wanda aikin gona ya karanta, ya fitar da fim a 2008 a kan garinsu Galmi, inda ya bi yadda auren wata yarinya ya rataya a kan abin da kakar albasa za ta bayar. A 2010 ya fitar da Kukan Kurciya, inda ya ɗauki wata tsohuwar zabiya suka tafi har Abidjan domin ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta sa ya dawo gida bayan shekaru yana ci-rani.

Sai kuma Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram. Fim ɗinta na 2016 a kan matan da ba su samu haihuwa ba, wanda ta gina a kan abin da ita kanta ta fuskanta, ya ci lambar dokumantari a gasar fina-finan Afirka ta AMAA. A 2021 ta fitar da Zinder, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara cikin matasan da ake kira 'yan fale, suna magana da Hausarsu, ba tare da wani mai sharhi ya tsaya yana fassara halinsu ba.

Waɗannan mutane ba attajirai ba ne, kuma Nijar ba ta fi Najeriya kuɗi ba. Abin da suka samu shi ne tsani mai matakai. Akwai dandalin dokumantari na Afirka da Inoussa Ousseini ya assasa a Yamai. Akwai shirin Africadoc na wata ƙungiyar Faransa, wanda ke tara matasa su zauna makonni suna rubuta tsarin fim ɗinsu tare da ƙwararru. Akwai digiri na biyu a fannin dokumantari a Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis ta Senegal, inda Aicha Macky ta yi karatu. Daga nan sai a haɗa ɗalibi da kamfani a Turai, kamfanin ya nemo kuɗi daga gidajen talabijin da asusai. A kowane mataki gudummawa ake bayarwa, babu wanda ake ce wa ya kawo takardar gida.

Irin waɗannan asusai a buɗe suke ga 'yan Najeriya ma. Bikin dokumantari na Amsterdam yana da asusun da aka kafa a 1998 domin ƙasashe masu tasowa, wanda ake kira IDFA Bertha Fund. Bikin Hot Docs na Toronto ya kafa wani a 2011 musamman domin 'yan Afirka. Akwai asusun bikin Berlin da aka fara a 2004, da kasuwar fina-finai ta Durban. A cikin gida akwai bikin iREP na Legas da ya keɓanta da dokumantari, da bikin KILAF na Kano da aka fara a 2018 domin fina-finan harsunan Afirka. Sai dai shiga gasar neman waɗannan kuɗaɗe na bukatar dogon bayani da Turanci mai kyau, da kasafi dalla-dalla, da ɗan samfurin fim, kuma a mafi yawan lokuta sai da wanda ya taɓa bin hanyar ya riƙe wa mutum hannu. Mai basira a Katsina na iya sanin labarinsa ciki da bai, amma a kayar da shi a wurin cike fom.

Tsanin na Nijar shi ma ya girgiza. Bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 dangantaka da Faransa ta yi tsami, aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai, cibiyar al'adu ta haɗin gwiwa mai sunan Jean Rouch ta koma hannun Nijar aka sa mata sunan Moustapha Alassane a 2024, sannan a watan Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda ke da nata asusun fina-finai. Dogaro da kuɗin waje ke nan, ranar da siyasa ta juya sai ya juya da ita.

Yadda wasu suka yi

A wasu ƙasashe, al'ummomin da ake kira 'yan asalin ƙasa, wato waɗanda baƙi suka zo suka mamaye su har suka zama tsiraru a ƙasar kakanninsu, sun daɗe suna fafutukar a bar su su ba da labarin kansu. A Kanada hukumar fina-finai ta ƙasa ta fara horas da matasan waɗannan ƙabilu a 1968, kuma a ƙarƙashinta ne Alanis Obomsawin ta shirya fitaccen fim ɗinta na 1993 a kan arangamar da aka yi tsakanin 'yan ƙabilar Mohawk da sojoji saboda wani fili. A 2017 aka kafa ofishi na musamman mai raba tallafi, wanda su 'yan asalin ne ke tafiyar da shi, kuma a 2021 gwamnati ta ware masa dalar Kanada miliyan 40 na shekaru 3. A New Zealand an kafa hukumar ɗaukar nauyin shirye-shiryen harshen Maori a 1993, tashar talabijin ɗinsu kuma ta fara aiki a 2004. A Brazil wani shiri da aka fara a 1986 ya riƙa kai kyamarori ƙauyukan ƙabilun daji yana koya musu aiki da su. Al'ummar Sami ta arewacin Turai na da cibiyar fim tata a Norway tun 2009.

Kwatancin dai yana da iyaka. Hausawa ba tsiraru ba ne, harshensu na cikin mafiya yawan masu magana a Afirka, kuma a Najeriya kalmar ɗan asali ta fi nufin wanda ke da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin kare haƙƙin 'yan asalin ƙasa a 2007, wanda ya tanadi 'yancinsu na mallakar kafofin watsa labarai da harsunansu, Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Saboda haka Bakatsine ba zai samu shiga yawancin asusan da aka keɓe da wannan suna ba.

Abin ɗauka a nan shi ne tsarin. Kuɗin na gwamnati ne, ana ware shi a kasafi kowace shekara, kyauta ake bayarwa, kuma waɗanda ke zaɓen wanda za a ba mutane ne daga cikin al'ummar da suka san harshe da al'ada. Haƙƙin mallakar fim kuma yana zama a hannun wanda ya shirya shi. A cikin jihar Katsina ma akwai waɗanda ba kasafai ake jin muryarsu ba sai ta bakin wasu, kamar Maguzawa da Fulani makiyaya da matan karkara da kuma dubban mutanen da hare-hare suka raba da ƙauyukansu a Batsari da Safana da Jibiya da Faskari.

Ladan kuturu

Hanyar da ta fi kusa ga mai kyamara a Arewa ita ce kwangila daga ƙungiyoyin agaji ko hukumomin gwamnati. Nan ma akwai kuɗi, akwai kuma sharaɗi, domin Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙungiya na bukatar fim ɗin minti biyar da zai nuna cewa shirinta ya yi nasara, kuma daga ita sai masu ba ta kuɗi ne za su kalla. Ko manyan shirye-shirye ba su kuɓuta daga wannan ba. Fim ɗin Zinder ya fito ne a cikin jerin fina-finai 25 daga ƙasashe 16 na shirin Generation Africa, wanda ya samu tallafi daga Jamus, kuma jigon da aka gindaya shi ne ƙaura, batun da ya fi damun Turai a lokacin. Ƙwarewar mai fim ce ta sa ta karkata ga waɗanda suka zauna a gida. Wannan kafa ma ta ƙara tsukewa tun bayan da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID a 2025.

Wanda kuma ya zaɓi ya taɓo batun da ya fi ci wa Katsinawa tuwo a ƙwarya, wato matsalar 'yan bindiga, yana da darasi a gabansa. A 2022 tashar Trust TV ta nuna wani dokumantari a kan rikicin, sashen binciken Afirka na BBC ma ya fitar da nasa a kan Zamfara, wanda Yusuf Anka, ɗan yankin, ya gabatar. Ministan watsa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya zargi kafofin biyu da kambama ta'addanci, kuma a watan Agusta hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5, ta kuma ci wasu kamfanonin tauraron ɗan Adam uku irin wannan tara saboda sun nuna shirin BBC. A 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. Kafin nan, a 2013, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta hana nuna Fuelling Poverty na Ishaya Bako, wanda ya yi magana a kan badaƙalar tallafin man fetur. Manyan kafofi na da lauyoyi. Matashi mai kyamara guda ba shi da su, ga haɗarin hanya, ga kuma alhakin kare waɗanda suka yarda suka yi magana da shi.

Duk da haka abubuwan da suka faru a jihar cikin shekaru goma da suka gabata, daga sulhun 2016 da na 2019, zuwa sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamban 2020 da sako 344 daga cikinsu, zuwa katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a 2021, suna nan ne a cikin gajerun rahotanni da ƙwaƙwalwar waɗanda abin ya shafa.

Bayan an ɗauka

Ko an samu kuɗin ɗauka, akwai batun ajiya, kuma labarin Shehu Umar ya isa misali. An nuna fim ɗin a bikin FESTAC na 1977, daga nan ya ɓace har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 Didi Cheeka da abokan aikinsa na wata ƙungiyar masu sha'awar fim suka tarar da gwangwanayensa cikin ɗaruruwan wasu a wani tsohon ginin sashen fina-finai na zamanin Turawa a Legas. Cibiyar Arsenal ta Berlin ce ta gyara shi da kuɗin gwamnatin Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin a 2018. A 2019 Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu a fannin adana fina-finai tare da haɗin gwiwar Jami'ar Goethe ta Frankfurt.

Kaset ɗin bidiyo da gidajen talabijin suka yi aiki da su a shekarun 1980 da 1990 ba su kai wancan tsohon fim juriya ba. Zafi da ƙura da laima na cin su, na'urorin da ke karanta su an daina ƙerawa, kuma a gidajen talabijin da yawa a duniya an sha goge tsohon shiri domin a naɗi sabo a kan kaset ɗin. Kwafe su zuwa kwamfuta ba ya bukatar miliyoyin daloli, yana bukatar na'ura mai aiki da ma'aikaci mai haƙuri da wutar lantarki. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam suna cikin garin, kuma asusun TETFund na ba manyan makarantun gwamnati kuɗin bincike, wanda babu abin da zai hana a nema domin tattara tarihin baka da kyamara.

Amfanin irin wannan kundi yakan fito a inda ba a zata ba. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Daga cikin takardun da hukumar ke bukata ga duk ƙasar da ke neman a sanya wata al'ada tata, akwai fim na minti 5 zuwa 10 da ke nuna al'adar, tare da shaidar cewa masu ita sun amince.